Tarin Inji Da Raunin Mota: Bin Diddigin Cuta Kafin Sayen Magani



Wataƙila wasu za su yi mamakin ganin malamin Hausa ya miƙe zai yi magana a kan injin mota, alhali kuwa ga injiniyoyi a zaune. Hujjata ita ce, yawancin asarar da mai mota yake yi a gareji daga magana take farawa. Mutum ya je wa bakanike ya ce, "Motar nan ba ta da lafiya," iyakar bayanin da ya kawo ke nan. Bakanike kuwa, da yake ba a ba shi abin kamawa ba, sai ya shiga canke: yau a sake fulogi, gobe a sake famfon mai, jibi a ce sai an sauke inji. Ma'aikacin da ke ƙirga kwanakin albashi shi ke biyan kuɗin kowane canke. Kuma abin bai tsaya ga aljihu ba, gama motar da ta yanke ƙarfi daidai lokacin da direba ya fito zai wuce tirela a hanyar Katsina zuwa Kano, rayukan da ke cikinta ta jefa cikin haɗari.

Ya kamata mu fara da sanin abin da inji yake yi in yana lafiya. Injin fetur na motocinmu yana bin tsarin da Bajamushen nan Nikolaus Otto ya daidaita a 1876. A cikin kowace silinda akwai fistin mai hawa da sauka, kuma aikinsa matakai huɗu ne: ya sauka ya shaƙi iska gauraye da mai, ya hau ya matse su, fulogi ya ba da tartsatsi wuta ta tashi ta tura shi ƙasa, sa'an nan ya sake hawa ya kori hayaƙi. A mataki na uku kaɗai ake samun ƙarfi. In inji yana juyi 3,000 a minti, kowace silinda tana kama wuta sau 25 a daƙiƙa guda. Abubuwan da ake bukata domin wutar ta kama su ne iska da mai bisa gwargwado, watau kimanin awo 14.7 na iska ga awo 1 na fetur ta fuskar nauyi, da matsi isasshe, da tartsatsi a daidai lokacinsa. Duk sa'ad da ɗaya daga cikinsu ya gaza, silinda ta tsallake wutarta. Wannan tsallake shi ne kanikawa ke kira misin, mu kuma mukan ce mota tana tari ko tana fizga. Inji mai silinda huɗu in ɗaya ta mutu, ya yi asarar fiye da rubu'in ƙarfinsa, domin ukun da suka rage su ne za su ja matacciyar.

A nan akwai bambanci guda wanda nake roƙon ku riƙe shi, don shi ne ke raba hanyar bincike gida biyu. Akwai motar da ke kakkarwa tana tari, akwai kuma wadda ke tafiya sumul amma ba ta ja. Ta farko, galibi silinda ɗaya ko biyu ne ke da laifi, sai a nemi wacce ce. Ta biyu, abin da ya same ta ya shafi dukan silindoji bai-ɗaya: ko dai ba ta samun isasshiyar iska, ko mai ba ya isowa, ko hayaƙi ba ya samun hanyar fita. Wani lokaci ma inji ba ruwansa. In ka taka totur inji ya yi kuka amma gudu bai ƙaru ba, kuloci ne ke zamewa, ko giya. In kuwa bayan tafiya kaɗan ƙafa ɗaya ta yi zafi fiye da sauran, birki ne ya riƙe.

Tambaya ta biyu ita ce, yaushe abin yake faruwa? Mai mota ne kaɗai ya san amsarta, bakanike ba ya nan sa'ad da aka yi. Tarin da ke zuwa wajen hawan tudu ko ɗaukar kaya yakan nuna raunin tartsatsi, domin gwargwadon yadda matsi ya ƙaru a cikin silinda, gwargwadon wahalar da tartsatsi ke sha wajen tsallaka bakin fulogi. Kwayil mai rauni zai iya aiki lafiya lau a cikin gari, ya kunyata ka a hanya. Motar da ke kakkarwa a tsaye amma ta daidaita in an ba ta wuta, a duba ko wani tiyo ya tsage tana shaƙar iska ta ɓarauniyar hanya. Wadda ke tashi da kyau, amma in gudu ya yi nisa ta fara yankewa kamar mai jin ƙishi, a tuhumi famfon mai da matatarsa. Wadda ta fara bayan an sha ruwan sama ko an wanke inji, laima ce ta shiga wayoyi. Wadda kuwa ta fara jim kaɗan bayan an sha mai, ba a bukatar boka.

Batun mai ya cancanci mu tsaya a kansa, musamman mu mutanen bakin iyaka. A watan Nuwamba na 1919 ba mu da wannan damuwa, amma shekara ɗari bayan haka, a Nuwamba na 2019, hukumar kwastan ta hana kai mai ga gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyakar ƙasa, abin da ya tura mutanen garuruwa irin su Jibiya wajen 'yan bumburutu. Man galan da na kwalba ba wanda ya san hannu nawa ya bi. Ruwa ya fi fetur nauyi, saboda haka in aka zuba ɗan man a kwalba mai haske aka bar shi ya natsa, ruwan zai kwanta a ƙasa, ido ya gan shi. Kananzir ya fi wuyar ganewa. Shi yakan sa wuta ta tashi ba bisa ƙa'ida ba, a ji inji yana ƙwanƙwasa kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Motar zamani in ta ji haka sai ta jinkirta tartsatsi don ta kare kanta, ƙarfi ya ragu. Kada kuma a ɗauka gurɓataccen mai a bakin hanya kawai ake samunsa. A watan Fabrairu na 2022 kamfanin NNPC ya tabbatar cewa an shigo da fetur daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam mai ɗauke da sinadarin metanol, kuma a gidajen mai aka sayar da shi. Tun da aka janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, wata al'ada ta ƙaru, watau yawo da tanki kusan ƙaf. Famfon motar zamani a cikin tanki yake, man da ke kewaye da shi ne ke sanyaya shi, don haka talaucin tanki yana rage masa kwana.

Sai iska. Ƙurar hunturu da muke sha a Katsina, inji ma yana shanta, kuma ya fi mu yawan numfashi nesa ba kusa ba. Matatar iska in ta toshe, mota ta zama kamar mai mura. Wannan shi ne abu mafi arha da za a duba, kuma shi aka fi mantawa. Hure ta da iska mai ƙarfi, kamar yadda ake yi a wurin masu faci, yana iya yaga takardar. Daga nan ƙura ta wuce kai tsaye, ta ɓata ma'aunin iskar da ke bayanta, ta kuma riƙa cin ringi sannu a hankali.

Waɗanda suka yi aikin gwamnati a zamanin Peugeot 504, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, sun san yadda bakaniken da yake gano matacciyar silinda. Inji na aiki, sai ya zare wayar fulogi ɗaya bayan ɗaya. Wadda aka zare inji ya ƙara rikicewa, lafiyarta ƙalau. Wadda aka zare ba a ji canji ba, ita ce mai laifi. Hikimar tana nan daram, hanyar ce ta sake. Motocin Kwatano da suka cika titunanmu, su Toyota da Honda, ba su da kafireto. Nozul ke fesa mai, kwamfuta ke ƙayyade shi, kuma da yawansu kowace silinda da kwayil ɗinta. Zare waya a irin waɗannan yana iya ƙona kayan lantarki. Motocin da aka ƙera domin kasuwar Amurka tun daga 1996 suna da kafar da ake jona na'urar bincike, ta faɗi abin da kwamfutar ta gani. Lamba P0301 tana nufin silinda ta ɗaya ce ke tsallake wuta, P0302 ta biyu, haka har ƙarshe. P0300 kuwa tana nufin abin yana yawo, bai tsaya wuri ɗaya ba.

To, amma fa na'ura wuri take nunawa, ba ta faɗin dalili. Wanda ya ga P0302 ya aika a sayo kwayil, bai bar canke ba, ya dai yi shi da lantarki. Abin da ya dace shi ne a musanya kwayil na biyu da na uku, a sake gwadawa. In lambar ta koma P0303, cuta ta bi kwayil, an kama ɓarawo. In ta tsaya inda take, a musanya fulogi, sa'an nan nozul. Wannan gwaji ba ya cin ko kwabo na kaya, kuma a ganina shi ne ma'aunin da mai mota zai gane bakanike na ƙwarai da shi. (Kalmar bakanike ita kanta abin sha'awa ce: Bahaushe ya ɗauki kalmar Turanci ya sa mata rigar Bakatsine da Bakano, har ya yi mata jam'i kanikawa, kamar wata ƙabila.)

Fulogin da aka kwance shi ma shaida ne, a karanta shi kafin a yar. Mai launin ƙasa-ƙasa lafiyayye ne. Mai baƙin toka busasshe yana cewa mai ya yi yawa. Mai baƙi da maiƙo yana cewa baƙin mai yana haurowa, ko ta ringi ko ta bawul. Wanda ya yi fari fat, mai ya yi kaɗan ko zafi ya yi yawa. Wanda ya fita tas kamar an wanke shi alhali 'yan'uwansa na da datti, ruwan lagireto ne ke shiga silindarsa.

Akwai al'adu biyu na garejinmu da ba na goyon bayansu. Ta farko ita ce cire ɗan bawul ɗin da ke tsare zafin ruwa, wai don ƙasarmu tana da zafi. Sakamakonsa, inji ba ya kai zafin da aka tsara masa, kwamfuta ta ɗauka har yanzu safiya ce, ta yi ta ƙara mai, fulogi ya yi baƙi, tari ya biyo baya. Ta biyu ita ce yin biris da fitilar gargaɗin inji. In ta tsaya a kunne, akwai sauran lokaci. In tana ƙyaftawa, ɗanyen mai ne ke wucewa cikin salansa, yana ƙona matatar hayaƙin nan mai kama da saƙar zuma. Matatar in ta narke ta toshe, mota za ta tashi lafiya amma ta kasa gudu, mai ita kuma ya yi ta sake fulogi a banza, ga shi matatar tana da tsada saboda ma'adanai irin su filatinam da ke cikinta.

In an duba tartsatsi da mai da iska duk ba a sami laifi ba, saura matsi, kuma a nan ne ake maganar manyan kuɗi. Kada mai mota ya yarda a sauke masa inji sai an auna. Ana kwance fulogai duka, a ɗaura ma'auni a ramin kowanne, a juya inji, a rubuta adadin. Abin lura shi ne daidaito: bai kamata wata silinda ta yi ƙasa da 'yan'uwanta da fiye da kimanin kashi 10 cikin 100 ba. In ɗaya ta gaza, a ɗiga mata ɗan baƙin mai a sake aunawa. Adadi ya tashi, ringi ne suka cinye, gama man ya toshe gibin na ɗan lokaci. Bai tashi ba, bawul ne ya ƙone ko ba ya rufuwa, kuma wannan aikin saman inji ne kawai, bai kai ga sauke shi gaba ɗaya ba. In kuwa silindoji biyu maƙwabta ne suka gaza tare, gasket ɗin da ke tsakaninsu ne ya fashe, sai a duba lagireto a ga ko ruwa yana raguwa, a kuma zaro ma'aunin baƙin mai a ga ko ya koma kalar shayi da madara.