Bayan an biya kuɗin fansa: Ciwon da ke biyo mutane gida a Mafara, Bakura da Maradun

Ranar da aka sako wanda 'yan bindiga suka sace, gidansu cika yake maƙil. Ana barka da arziki, ana "Allah Ya kiyaye gaba", wasu har da kukan murna. Kwana uku zuwa mako guda 'yan barka sun watse. Daga nan ne mutanen gida ke fara lura cewa wanda ya dawo ba ya barci, ƙarar babur na sa shi zabura, ko ya wuni a ɗaki bai ce wa kowa uffan ba.

Wannan yanki ya sha ganin irin wannan dawowa. A ranar 26 ga Fabrairun 2021 aka kwashe ɗalibai mata daga makarantar sakandaren gwamnati ta Jangebe a ƙaramar hukumar Talata Mafara, aka sako 279 a ranar 2 ga Maris. A watan Agustan shekarar aka kai hari Kwalejin Aikin Gona ta Bakura aka tafi da ɗalibai da ma'aikata. Ranar 1 ga Satumba kuma aka ɗebi ɗalibai 73 a makarantar jeka-ka-dawo ta Kaya da ke Maradun. Waɗannan su duniya ta ji. Manoman da ake ɗauka a gona ɗaya-ɗaya, da matan da ake kora daji da goyo, sai dai a ji labarinsu a kasuwa.

Likitoci na da suna ga abin da ke samun irin waɗannan mutane: dimuwar da ke biyo bayan mummunan tashin hankali. Alamominta sun haɗa da munanan mafarkai, yawan firgita, saurin fushi, gudun duk abin da zai tuna wa mutum daji, da jin kamar abin yana sake faruwa yanzu-yanzu. Mutane da dama kan warware da kansu cikin makonni idan suna da masu rarrashi. Idan alamomin suka wuce wata guda suna hana mutum harkokinsa, to an shiga matakin da ake buƙatar masani. Tana kuma da magani.

Sai dai a ƙauyukanmu ba haka ake karanta ta ba. Yarinya ta riƙa ihu cikin dare, sai a ce ta kwaso iskokin daji, a nemi mai ruƙiyya. Magidanci ya daina magana, sai a ce ya rasa tawakkali. Babu mai ja da addu'a, kuma mutane na samun natsuwa a cikinta. Matsalar ita ce a nan ake tsayawa, domin kalmar "taɓin hankali" kaɗai ta isa ta hana yarinya miji.

Akwai kuma ɓangaren da ƙwayar magani ba ta kaiwa gare shi. Kafin a sako mutum, sau da yawa an sayar da gona, an sayar da shanun huɗa, an ci bashin dangi da maƙwabta. Ya dawo ya tarar da rumbu wayam, kuma ya san saboda shi ne. Ko ba a faɗa masa ba, yana gani a tukunyar gidan. Matar da aka yi wa fyaɗe a daji tana dawowa ne cikin tsegumi, wata da juna biyu, mijin bai san yadda zai yi ba, dangin miji kuma kowa da tasa shawarar. Saurayin da ya kasa barci yakan samu aboki ya miƙa masa ƙwaya, daga nan an buɗe wata ƙofar.

Wannan shi ne fagen jami'in walwalar jama'a na asibiti. Likita na duba ciwon, shi kuwa yana duba rayuwar da mai ciwon zai koma. Zai zauna da maras lafiya ya saurare shi ba tare da ya matsa masa ya ba da labarin daji ba, ya kira miji ko uwa ya fahimtar da su cewa wannan ba sangarci ba ne, ya binciki ko akwai tunanin kashe kai, ya nemo hanyar sassaucin kuɗin magani, ya bi sawu ko yarinya ta koma makaranta. A ganina, a yankin da ciwon ya cuɗe da talauci da kunya, aikinsa bai gaza na mai rubuta magani ba.

To ina za a same shi? Babban asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da mutanen yankin suka fi sani yana Kware ne, gaba da Sakkwato. Mutumin Maradun da ya gama biyan fansa, da wane kuɗi zai yi wannan tafiya duk wata, a kan hanyar da shi kansa yake tsoro? Ƙasar baki ɗaya, mai mutane sama da miliyan 200, likitocin ƙwaƙwalwarta ba su kai 300 ba.

A watan Janairun 2023 aka sanar cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1958. Dokar ta kare haƙƙin masu wannan lalura, ta kuma nemi a shigar da kulawar cikin ƙananan asibitoci. Idan aka aiwatar da ita a Zamfara, ma'anarta ita ce ma'aikaciyar asibitin shan magani ta Bakura ta san cewa matar da ke zuwa kullum da ciwon kai da faɗuwar gaba, an gwada zazzaɓi babu, tana buƙatar a tambaye ta yadda take kwana.

Yaran Jangebe da aka sace suna 'yan shekara goma sha, yanzu wasunsu sun isa aure. An ƙirga su ranar da suka dawo, an duba lafiyar jikinsu a Gusau, an ɗauki hotuna. Nawa ne a cikinsu aka sake komawa aka tambaya, bayan shekara guda, ko suna iya barci?