Lissafin da ya bi sauro har Garki

Ɗalibin kimiyya ko injiniyanci da ya shiga aji biyu a jami'a yakan ci karo da darasin difarenshal ikweshan, kuma da yawa daga nan suke ɓatawa da lissafi. A sakandare an saba da tambayar da amsarta lamba ce guda. A nan kuwa saurin canjin abu ake ba ka, kai ka nemo yadda abin zai kasance a kowane lokaci. Dubi tankin ruwa da ya huje a gindi. Yana cike, ruwan na tsartuwa da ƙarfi. Yana raguwa, tsartuwar na yin sanyi. Saurin zubar ya dogara da ruwan da ya rage, ruwan da ya rage kuma saurin zubar ne ke cin sa. Rubuta irin wannan dangantaka da alamomi shi ne tushen darasin, tun daga Newton da Leibniz a ƙarni na 17.

Inda gizo ke saƙa shi ne yadda ake karanta shi. Ɗalibi ya haddace dabarun warwarewa, ya ci jarrabawa, amma a ce ya mayar da matsalar garinsu lissafi, sai ido ya raina fata. Alhali warwarewar ce mai sauƙi a yau. Yawancin lissafin da ya shafi rayuwa ba ya warwaruwa da biro, kwamfuta ce ke lalubo amsar taki-taki. Aikin da ya rage wa mutum shi ne zaɓen abin da zai shiga lissafin da abin da za a bari a waje.

Ronald Ross, likitan Birtaniya da ya gano a 1897 cewa sauro ne ke ɗauke da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, ya nuna amfanin wannan. An yi ta ce masa ai ba mai iya ƙarar da sauro. A 1911 ya fitar da lissafin da ya haɗa yawan masu cutar da yawan sauron da ke ɗauke da ita, ya nuna ba sai an ƙarar da su ba: akwai wata iyaka, in yawan sauro ya faɗo ƙasa da ita, cutar za ta mutu da kanta.

An jarraba irin wannan tunani a ƙasar Hausa. Daga 1969 zuwa 1976, Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya sun gudanar da babban bincike a ƙauyukan Garki, lokacin tana Jihar Kano, yanzu Jigawa. An riƙa ɗibar jinin mutane, ana kama sauro ana ƙirgawa, an fesa magani a bangon ɗakuna, a wasu ƙauyukan an haɗa da rabon ƙwayoyin magani ga kowa. Masu bincike uku, Dietz da Molineaux da Thomas, suka gina tsarin lissafi da aka buga a 1974, suka sa a ciki abin da Ross bai sa ba, wato garkuwar jiki da manya ke samu bayan shekaru suna shan cizo. Shi ya sa ƙwayar cutar ta fi yawa a jinin yara.

Cutar ta ragu ƙwarai, amma yaɗuwarta ba ta yanke ba, kuma da aka daina aikin ta dawo. Cikin dalilan har da ɗabi'ar sauron kansa. Feshin bango yana aiki ne in sauro ya sha jini ya sauka a bangon ya huta. Wani kaso na sauron Garki kuwa da ya ƙoshi sai ya fice waje, bai taɓa maganin ba, ya dawo cizo bayan 'yan kwanaki.