Wasiƙun masu karatu: ƙa'idar shiga da ƙa'idar magana

Wanda ya fita daga ajin yaƙi da jahilci, abu biyu yake nema ga jarida: ta riƙa iso masa a kan kari, kuma in ya rubuto, a ji muryarsa. Kowane daga cikin biyun yana da ƙa'ida, kuma wajibi ne a bayyana ta ga kowa tun kafin a karɓi dalarsa.

Al'adar ba sabuwa ba ce. A 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Abubakar Imam yana editanta, wasiƙun jama'a kuwa suna cikin abin da ya ɗaukaka ta. A nan Nijar, tun 1962 ƙungiyoyin masu sauraron rediyo suka riƙa ɗaukar ra'ayin manoma a ƙauyuka, ana watsa shi daga Yamai. Ma'aikatar yaƙi da jahilci ma ta buga jaridar Gangaa domin sababbin masu karatu.

Ƙa'idar shiga ita ce ta fari. Kada a rubuta sunan mutum cikin rajista sai da yardarsa. A faɗa masa kuɗin wata shida ko na shekara, da ranar da zai ƙare, a ba shi takardar shaidar biya. In an yi wa ma'aikaci canjin wurin aiki daga Tawa zuwa Damagaram, sai ya sanar da sabon akwatinsa na gidan waya. Wanda ya ce a cire sunansa, a cire ba da ja-in-ja ba. Rajistar nan amana ce: ba a miƙa ta ga ɗan kasuwa, ba a miƙa ta ga ɗan siyasa.

Ta biyu, ƙa'idar magana, ta fi nauyi. Wasiƙa ta zo da cikakken suna da garin mai ita, ta tsaya kan batu guda, ba zagi, ba talla. Edita yana da ikon taƙaita ta, amma ba shi da ikon juya ma'anarta. Manomin da ya kawo kukan an tauye masa awo a kasuwa yana iya roƙon a sakaya sunansa don gudun ramuwa. Edita zai san shi, jama'a ba za su sani ba. Takardar da ba ta da mai ita kuwa ba a buga ta, domin ƙazafi ya fi son duhu. Wanda aka zarga shi ma yana da haƙƙin mai da amsa a shafin, haƙƙin da dokar jaridu ta Faransa ta tanada tun 1881.

Ya ku ma'aikata da malaman yaƙi da jahilci, ku karanta wa ɗalibanku waɗannan sharuɗɗa. In talaka ya tabbata mudun da aka auna wasiƙarsa shi aka auna ta hakimi, zai sake ɗaukar alƙalami.