Shin Ko Kun San? Faifan Da Aka Ciro Daga Littafin Almara

Yau za mu duba yadda mawaƙa suke mayar da littafin almara ya zama waƙa, da abin da masu sharhi suke cewa a kai.

Shin ko kun san akwai wani salon kiɗa a Turai da ake kira "power metal"? Jita ce ta lantarki mai amo, da ganguna masu gudu kamar sukuwar dawaki ranar hawan salla, da zabiya mai ɗaga murya, 'yan amshi kuma su amsa da taro. Yawancin waƙoƙinsa a kan jarumai ne da sarakuna da dodanni da yaƙe-yaƙe.

Shin ko kun san ɗaya daga cikin fayafayan da suka fi shahara a wannan salo na ƙungiyar Blind Guardian ne, 'yan garin Krefeld na ƙasar Jamus? Sunansa Nightfall in Middle-Earth, ya fito a 1998, babban mawaƙinsu kuwa shi ne Hansi Kürsch.

Shin ko kun san gaba ɗayan faifan daga littafi guda aka ciro shi? Littafin shi ne The Silmarillion na J.R.R. Tolkien, marubucin Ingila da aka haifa a Afirka ta Kudu a 1892. Ya mutu a 1973 bai ga littafin a kasuwa ba, sai ɗansa Christopher ya tattara rubuce-rubucen ya buga a 1977. Labari ne na wasu duwatsu uku masu haske da azzalumi Morgoth ya sace, aka yi ta gwabza yaƙi a kansu zuriya bayan zuriya.

Shin ko kun san faifan yana da kashi 22, kusan rabinsu kuma gajerun maganganu ne da ke haɗa labarin tsakanin waƙa da waƙa? A nan ne ra'ayi ya rabu. Wasu masu sauraro suna ganin maganganun suna katse musu daɗi. Wasu kuma suna ganin su ne zaren da ya ɗinke faifan, har wanda bai taɓa buɗe littafin ba ya iya bin sawun labarin.

Shin ko kun san abin da masu sharhi suka fi yabawa shi ne riƙon amanar labarin? Akwai waƙa guda a kan sarki Fingolfin, wanda ya hau doki shi kaɗai ya je ƙofar Morgoth ya kira shi fito-na-fito, ya yi masa rauni bakwai kafin ya faɗi. An kuma yaba yadda aka jera muryoyi bisa muryoyi, har ana kwatanta su da ƙungiyar Queen. Faifan ya shiga sahun goma na farko a kasuwar Jamus, kuma har yau mujallun wannan kiɗa suna lissafa shi cikin fitattu. Faifan ya fito ne shekara 3 kafin fim ɗin The Lord of the Rings, wanda shi ma daga littafin Tolkien aka ciro shi, ya fara fita a 2001.

Shin ko kun san mu ma muna da irin waɗannan littattafai tun tuni? Gasar da Rupert East ya shirya a 1933 ita ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na yayansa Bello Kagara. Ganɗoki ya kara da Turawa, ya kuma shiga ƙasashen aljanu da takobinsa. Ga Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, wanda ya tashi ba ya iya tafiya, daga baya ya zama gagarabadau. Ga kuma tarihin Kanta na Kabi da ganuwar Surame.

Shin ko kun san waƙar jarumta gadonmu ce? Duk wanda ya saurari Ɗan Anace yana wasa Shago ya san yadda makaɗi yake tsayar da ɗan dambe a gaban idon mai sauraro, da kirari da tarihin karawarsa.

Shin ko kun san jitar lantarki ma ta zama 'yar gida? Mdou Moctar, Buzu ɗan Nijar mai kaɗawa da hannun hagu, ya haɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke. A Sakkwato ya naɗi faifansa na farko, Anar, a 2008, waƙoƙin suka bazu daga waya zuwa waya ta katin memori, yadda samari suke zuwa rumfar mai caji a tura musu waƙa ranar kasuwa. Faifansa Afrique Victime na 2021 ya shiga jerin gwanayen shekara a manyan jaridun Amurka. A Lome ta ƙasar Togo kuwa, ƙungiyar Arka'n Asrafokor tana haɗa wannan kiɗa mai amo da gangunan gargajiya da harshen Ewe.

Ke nan labari muna da shi, murya muna da ita, makaɗa ma ba su ƙare ba. Muna kira ga mawaƙanmu matasa su ɗauki Ganɗoki ko Ruwan Bagaja su karanta daga farko har ƙarshe, su nemi izinin masu haƙƙin littafin, su rera shi babi bayan babi a faifai guda. Yaron da ya ji waƙar a waya zai nemi littafin ya karanta, wannan kuwa riba ce ga mawaƙi da marubuci da harshen Hausa baki ɗaya.