FARA DA KURKUNU ƳAN GIDA ƊAYA NE: LABARIN HALITTU MASU SAƁA

Manomin da ɗango ya taɓa ratsa gonarsa ya san wani abu da ake tararwa a kan karan hatsi bayan wucewarsu: ɓawo fari, marar nauyi, da siffar fara sak, har da ƙafafu da gurbin idanu, amma ba kowa a ciki. Mai rigar ya tuɓe ta ya yi gaba. Wannan tuɓewa ita muke kira saɓa, kuma a kanta ne masana ilimin halitta suka kafa ɗaya daga cikin manyan dangogin dabbobin duniya. Sun raɗa masa suna Ekdisozowa, daga kalmomi biyu na Girkanci, ɗaya tana nufin tuɓewa, ɗaya dabba. Mu a Hausa ba mu da bukatar aro: masu saɓa ya wadatar.

Dalilin saɓa a fili yake. Mutum da akuya da kifi ƙashinsu a ciki yake, yana girma tare da su. Ita kuwa fara ba ta da ƙashi. Abin da ke riƙe da jikinta wata tauraruwar riga ce ta waje, wadda ba rai gare ta ba, ba ta kuma miƙewa. Idan jiki ya cika ta, sai fata ta saƙa sabuwa mai laushi daga ƙarƙashi, ta narkar da cikin tsohuwar ta tsotse abin da zai yi amfani, sannan ƙwaron ya haɗiyi iska ya kumbura har tsohuwar ta tsage ta gadon baya. Ya fito ke nan, jiki lagwaf, ba ya iya gudu ba ya iya faɗa, sai sabuwar rigar ta yi tauri. Ɗangon farar hamada da ke tafiya cikin runduna sau 5 yake yin haka, cikin wata guda ko ɗan fiye, kuma a saɓa ta biyar ne fukafukai ke warwarewa. Daga nan girma ya ƙare. Saboda haka ƙaramin ƙuda ba ɗan babban ƙuda ba ne, kamar yadda yara ke zato. Iri ne dabam.

Wani zai ce, to, maciji fa? Ai daga wurinsa muka san kalmar. Gaskiya ne, amma maciji saman fatarsa kawai yake zubarwa, ƙashin bayansa na nan yadda yake. Shi dangin ƙadangare ne, ba ya cikin wannan lissafi.

Ba tun fil azal aka gane wannan dangantaka ba. A 1817 masanin Faransa Georges Cuvier ya fitar da babban littafinsa a kan jinsin dabbobi, inda ya kasa su gida 4. Ya dubi tana, ya ga jikinta gaɓa-gaɓa ne kamar an jera zobba. Ya dubi shanshani da fara, ya ga su ma haka. Sai ya haɗa su gida guda, na masu gaɓoɓi. Tsutsotsin ciki kuwa ya ajiye su can wani gida. Wannan ra'ayi na kusancin tana da ƙwari ya zauna cikin littattafan lakol fiye da shekara 150, kuma ba abin mamaki ba ne, don ido ya yarda da shi. Mu ma harshenmu da ido yake rabo: abin da ke jan ciki ba ƙafa tsutsa ne, abin da ke da ƙafafu ƙwaro ne. Mai fassara ya san wahalar wannan, domin tsutsar da ke cin zangarniyar hatsi ɗiyar malam-buɗe-littafin dare ce, wato ƙwaro ce da ba ta gama saɓa ba, alhali tsutsar cikin yaro tsutsa za ta mutu.

A 1997 ne aka rushe ginin. Wasu masana a Amurka, cikinsu har da Anna Marie Aguinaldo da James Lake, suka bar duban siffa suka koma ga ƙwayoyin gado da ke cikin jikin kowace halitta, suka gwada na wannan da na wancan. Sakamakon da suka buga a mujallar Nature ya nuna cewa mulmulallun tsutsotsi, irin su macijin ciki, sun fi kusa da fara da kunama a kan yadda tana take kusa da su. Ita tana, da matsattsaku, sai aka tarar danginsu na wajen katantanwa. Da aka waiwaya, sai ga alamar da ta daɗe a gaban kowa: duk waɗanda ƙwayoyin gado suka haɗa, masu saɓa ne, tana kuwa ba ta saɓa. An kwashe kusan shekara 10 ana gardama, domin ƙwayoyin gadon wasu tsutsotsi suna saurin sauyawa har suna ruɗa lissafi, amma da aka tara shaidu masu yawa, yawancin masana suka sallama.

Gidan yana da manyan ɗakuna biyu. Na farko shi ne na masu ƙafafu gaɓa-gaɓa: ƙwari masu ƙafa 6, irin su fara, sauro, gara da ƙudan zuma, masu ƙafa 8, wato gizo-gizo, kunama da kaska, shanshani da ƙadandoniya, sai na ruwa, ƙaguwa da jatan lande. Irin da aka rubuta sunayensu sun haura miliyan 1, kimanin kashi 80 cikin 100 na dukan dabbobin da aka sani. Bincike ya ma nuna ƙwari reshe ne da ya tsiro daga cikin dangin jatan lande, har likitoci na gargaɗin wanda jatan lande ke sa wa borin jini da ya yi hattara da soyayyar farar da ake sayarwa a kasuwannin Maraɗi da Yamai. Ɗaki na biyu na mulmulallun tsutsotsi ne, marasa gaɓa, masu tsini gaba da baya. Rigarsu ba irin ta fara ba ce, ta fi laushi, kuma da wani sinadari dabam aka yi ta, amma su ma sai sun tuɓe ta sau 4 kafin su balaga. Akwai sauran ƙananan ɗakuna 6, wasu a cikin yashin teku, wasu a danshin gansakuka, yawancinsu sai da madubin likita ake ganinsu.

In ana son ganin ɗakunan nan biyu a aiki tare, a dubi kurkunu. Mai ciwo ya tsoma ƙafa a tabki don ya ji sanyi, uwar tsutsa ta zuba ƴaƴanta a ruwa. Wani ɗan mitsitsin ƙwaron ruwa, dangin jatan lande, ya haɗiye su. A cikinsa su yi saɓa 2. Mutum ya sha ruwan ba tacewa, su yi sauran saɓa 2 a jikinsa, bayan kamar shekara guda tsutsa mai tsawon da kan kai santimetir 100 ta huda fata, galibi daidai lokacin da gona ke neman mai ita. Sanin wannan zagaye shi ya ba da magani: tace ruwa da ƙyalle, haƙa rijiyoyi, hana mai ciwo shiga tabki, da zuba maganin da ke kashe ƙwaron ruwan. A 1986 an ƙiyasta mutum miliyan 3 da rabi ke kamuwa a duniya; a 2023 mutum 14 aka samu. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta shaida a 2013 cewa Nijar ta rabu da kurkunu. Makantar bakin kogi ma haka take: mulmulalliyar tsutsa ce, ƙaramin baƙin ƙuda ke ɗaukar ta, kuma a 2025 Nijar ta zama ƙasa ta farko a Afirka da OMS ta tabbatar ta tsayar da yaɗuwarta.

Saɓa kanta ma ta zama ƙofar da ake bi a kai musu hari. A 1954, a Jamus, Adolf Butenandt da Peter Karlson suka tace kilo 500 na tsutsar siliki, suka samu miligaram 25 kacal na sinadarin da ke ba ƙwaro umarnin tuɓe riga. Daga baya aka ƙirƙiro magungunan feshi da ke hana sabuwar rigar haɗuwa. Ana fesa su layi-layi a gaban rundunar ɗango; ɗangon ya ci ganyen ya wuce lafiya, sai ranar saɓa ta zo ya kasa fita daga tsohuwar rigarsa, ya mutu a ciki. A ganina wannan dabara ta fi feshin kan mai uwa da wabi, tunda tumaki da makiyayi ba sa irin wannan saɓa, ko da yake dole a nisanta ta da tabkuna, inda ƙananan masu saɓa na ruwa ke zaune, waɗanda kifi ke ci. Itacen bedi, dogon yaron da ke inuwa a titunan Damagaram da Tawa, shi ma ƴaƴansa na ɗauke da sinadari mai hana ƙwaro cin abinci da ɓata masa saɓa, shi ya sa malaman gona ke koya wa masu lambu daka ƴaƴan, su jiƙa su kwana, su tace su fesa wa kabeji da tumatir da maraice.