An goyo shi an ƙetare iyaka: wa ke da ikon ce masa ya koma?

Duk wanda ya san ƙasar Gobir ya san iyakar da ta raba Sabon Birni da Gidan Rumji a taswira ta fi ƙarfi. In ka je wurin, gona ce ke bin gona. Gobirawan Sabon Birni da na Tsibiri, kusa da Maraɗi, tushensu ɗaya tun kafin faɗuwar Alƙalawa a 1808, kuma har gobe ana auratayya, ana cin kasuwa tare. Turawan Ingila da na Faransa ne suka ja layi a farkon ƙarni na 20, wa ya wayi gari a Najeriya, ƙane a Nijar.

Wannan layin dubban mutanenmu suka ƙetare da 'yan bindiga suka matsa wa ƙauyukan Sabon Birni da Isa da maƙwabtansu na Zamfara da Katsina. A watan Satumba na 2019, hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNHCR, ta ce sama da mutum 40,000 sun shiga jihar Maraɗi. Kafin tsakiyar 2020 sun haura 60,000, akasarinsu mata da yara. An kwashe wasu daga bakin iyaka zuwa Garin Kaka da Ɗan Dajin Makau da Cadakori, wasu kuma suka raɓe a gidajen dangi. Daga baya wani ayarin ya nufi Bangi, a jihar Tawa.

Ku lura da kalmar nan, yara. Jaririn da aka goya a daren gudu yanzu ya isa shiga aji. Wanda ya tafi yana ɗan shekara takwas ko goma sa'anku ne, sai dai shi da Faransanci yake lissafi. Babu wanda ya nemi shawararsa kafin a tashi. To idan wata rana jami'i ya tare shi ya ce masa kai baƙo ne, ka koma inda ka fito, me zai kare shi?

Ga wanda ya gudo wa mutuwa

Shi dai wannan yaron yana da madogara mai ƙarfi. Yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951, a sashe na 33, ta hana kowace ƙasa mayar da ɗan gudun hijira inda ransa ko 'yancinsa ke cikin haɗari. Yarjejeniyar Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta 1969 ta ƙara faɗaɗa ma'anar, ta haɗa da wanda ya bar gida saboda tashin hankalin da ya dagula zaman jama'a, ko da ba shi aka nufa da suna ba. Nijar da Najeriya duk sun sa hannu a kan biyun. Gwamnatin Nijar kuma ta karɓi waɗanda suka gudo daga Sakkwato da Zamfara da Katsina a dunƙule, wato ba sai an zaunar da kowa an yi masa shari'ar abin da ya koro shi ba. Garin da ka fito da abin da ke faruwa a garin sun isa hujja.

Amma akwai sharaɗin da mutane ke wasa da shi: rajista. Sai an rubuta sunanka, an ɗauki hotonka da zanen yatsunka, an haɗa ka da iyalinka a takarda ɗaya. Yaron da aka ajiye gidan gwaggo a Tsibiri, aka ce ai gida ne, babu wanda ya kai shi rajista, dokar ta shafe shi, amma ba shi da abin nunawa. Sannan wannan kariya ba ta har abada ba ce. Tana iya ƙarewa idan mutum ya koma ƙasarsa ya sake zama don raɗin kansa, ko idan abin da ya kore shi ya gushe.

Ga wanda talauci ko ibada suka kai iyayensa

Labari ya sha bamban idan babu yaƙi a bayanka. Kusan kowace unguwa a ƙasar Hausa ta san labarin 'yan takari, waɗanda iyayensu suka je Hajji ko Umara suka yi zamansu. Wasu yaran an tafi da su suna tatata, wasu a Makka ko Jidda aka haife su. A dokar Saudiyya, haihuwa a ƙasar ba ta mayar da ɗan baƙo ɗan ƙasa, kuma wanda ba shi da iƙama a ɓoye yake rayuwa. Idan aka kama shi, sai sansanin Shumaisi, daga nan sai jirgi zuwa filin Malam Aminu Kano. Akan sauke saurayi da Larabci ya fi Hausa zama a bakinsa, bai taɓa ganin garin da aka rubuta masa a takarda ba.

Saudiyya takan yi afuwa. A ranar 29 ga Maris, 2017, ta ba marasa izinin zama kwana 90, daga baya ta ƙara wa'adin. Sai dai afuwar fita ce: ka tafi da kanka ba tara, ba ɗauri. Ba a ware wanda aka kawo yana goye daga wanda ya zo da ƙafarsa ba.

Inda aka ware su

Ƙasar da ta fi shahara da ware irin waɗannan yara ita ce Amurka, kuma ya kamata mu ɗan tsaya a nan, don ku ga yadda gwamnati ke auna mutum. A can akwai dubban ɗaruruwan matasa da aka shiga da su suna ƙanana ba tare da izini ba, mafi yawansu daga Meziko. Sun yi firamare da sakandare a can, ba su san wata ƙasa ba. Ana kiransu masu mafarki. Tun 2001 ake kai ƙudiri majalisa don a ba su izinin zama na dindindin, bai wuce ba. Sai a ranar 15 ga Yuni, 2012, Shugaba Barack Obama ya ɓullo da shirin da ake kira DACA, wanda ke jingine korar mutum na shekara biyu, ya ba shi izinin aiki, in wa'adin ya cika ya sabunta.

Ba kowa ya cancanta ba. Dole ya kasance an shigo da kai kafin ka cika shekara 16. Dole kana zaune a ƙasar ba yankewa tun daga 15 ga Yuni, 2007, kuma ranar da aka sanar da shirin kana cikin ƙasar, ba ka kai shekara 31 ba. Dole kana makaranta, ko ka gama sakandare, ko ka yi aikin soja an sallame ka lafiya. Kuma kada a taɓa samunka da babban laifi, ko ƙananan laifuka uku.

Ku ɗauki wa da ƙane da suka ƙetara a mota ɗaya a 2005, ɗaya yana da 16, ɗaya 14. Ƙanen ya cancanta, wan bai cancanta ba. Ku ɗauki yarinyar da ta iso ranar 16 ga Yuni, 2007. Kwana ɗaya ya fitar da ita. A ganinmu wannan akwai ciwo, domin babu abin da ya bambanta su a laifi ko rashinsa. Amma haka doka take aiki a ko'ina, sai ta ja layi a wani wuri, kuma kullum akwai wanda zai faɗa bayan layin.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne hujjar da aka karɓa. Yaron da ya shigo a ɓoye ba shi da hatimin shiga a fasfo. Da me zai nuna cewa yana nan tun 2007? Da sakamakon jarrabawa na kowace shekara, da katin rigakafi, da takardun asibiti, da rasit na haya. Irin takardun da mu a nan ake ƙunshe ƙosai da su, su suka tsaya wa mutum kusan 800,000.

Ko waɗanda suka samu ba su huta ba, domin shirin umarnin shugaba ne, majalisa ba ta mayar da shi doka ba, kuma ba ya kai mutum ga zama ɗan ƙasa. A Satumban 2017 gwamnatin Donald Trump ta ce ta soke shi. A Yunin 2020 Kotun Ƙoli ta ce hanyar da aka bi wajen sokewar ba daidai ba ce. A Yulin 2021 wani alƙali a jihar Texas, Andrew Hanen, ya ce shirin kansa ya saɓa doka, aka daina amincewa da sababbin masu nema, tsofaffi suka ci gaba da sabuntawa.

Mu dawo gida

Wani zai ce mu da Nijar ai ba ma irin wannan. Allah ya sa haka ya ɗore. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan kowace ƙasar ƙungiyar damar shiga wata ya yi kwana 90 ba biza, amma shiga daban, zama daban. Da wannan yarjejeniyar a hannu Najeriya ta kori baƙi marasa takardu a Janairun 1983, zamanin Shugaba Shehu Shagari, kusan mutum miliyan biyu, ciki har da 'yan Nijar. Kafin nan Gana ta yi wa 'yan Najeriya haka a 1969. Mun kuma ga yadda aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023 a Yamai, kuma a ranar 29 ga Janairu, 2025, Nijar ta fice daga ECOWAS. Zumunci yana nan daram, amma siyasa tana juyawa.

To wane ne ɗan Najeriya? Sashe na 25 na kundin tsarin mulkin 1999 ya amsa. Wanda aka haifa a Najeriya bayan samun 'yanci ɗan ƙasa ne idan ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa ɗan ƙasa ne. Wanda aka haifa a waje ma ɗan ƙasa ne idan uwarsa ko ubansa ɗan Najeriya ne. Ke nan jaririn da 'yar Gatawa ta haifa a Garin Kaka ɗan Najeriya ne, ba ya buƙatar roƙon kowa. A ɗaya ɓangaren, abokin ajinku da aka kawo daga Maraɗi yana ƙarami, iyaye da kakanni duk 'yan Nijar, daɗewa a Isa ba ta mayar da shi ɗan Najeriya kai tsaye. A Nijar ma haihuwa kaɗai ba ta wadatar.

Kada ku ɗauka talaka kaɗai wannan ke ci. A Janairun 1980 gwamnatin tarayya ta ɗauki Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye na majalisar dokokin jihar Borno, ta ƙetare da shi Chadi, wai mahaifinsa daga can yake. Babbar kotu a Maiduguri ta duba asalin mahaifiyarsa, ta tabbatar ɗan Najeriya ne, ya dawo gida. Shi yana da jam'iyya da lauyoyi. Ɗan manomin Unguwar Lalle takardarsa ce lauyansa.

Takardar haihuwa a Najeriya Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ke bayarwa, kuma tana da jami'ai a ƙananan hukumomi. Wanda aka haifa a Nijar, a ofishin magajin gari ake yi masa. Lambar NIN kuwa tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da ita. Idan takardunku sun ƙone ko sun salwanta a gudu, ku tuntuɓi shugaban makarantarku tun yanzu, ko rajistar shiga aji ɗaya tana nan, a ba ku shaida da hatimi.

Ku kuma duba rubutun sunanku. Yaron da aka rubuta Usman Abubakar a firamaren Sabon Birni zai iya zama Ousmane Aboubacar a makarantar Cadakori, kuma idan ba a san ranar haihuwarsa ba, wani ya sa masa 1 ga Janairu, wani ya ƙiyasta shekara daban. Kwamfuta mutum biyu za ta gani. Ku jera takardunku a tabarma tare da baba ko inna, ku karanta suna da shekara ɗaya bayan ɗaya, duk inda suka saɓa a je a gyara kafin lokacin rajistar WAEC da NECO.