Almakashi da tambari: yadda bakteriya ke gane baƙo

 Yau zan ba ku labarin wani yaƙi da ido ba ya gani.

Ita ma bakteriya tana da maƙiyi. Akwai wasu bairos da ke manne mata, su ɗura mata DNA ɗinsu, su yi ta hayayyafa a cikinta har ta fashe. To ya take kare kanta?

Tana ƙera wani furotin mai aiki kamar almakashi. Misali, akwai wanda ake kira EcoRI, da aka samo daga bakteriyar E. coli. Duk inda ya ga jerin haruffa shida GAATTC a jikin DNA, sai ya datse wurin.

Tambayar da ta fara zo min ita ce: ai ita ma tana da wannan jerin a nata DNA, me ya hana ta yanka kanta? Amsar ita ce furotin na biyu. Shi aikinsa liƙa wani ɗan sinadari mai suna metil a kan jerin, kamar yadda makiyayi ke yi wa shanunsa alama. Almakashi in ya ga tambari sai ya wuce. DNA ɗin baƙo da ya shigo ba alama, nan take a yayyanka shi.

Ƙwayoyin gadon da ke ɗauke da umarnin ƙera furotin ɗin nan biyu galibi suna maƙwabtaka, tare ake gadonsu, tare suke ƙaura zuwa wata bakteriyar. In ta yi asararsu, tambari ya daina isa ko'ina, ragowar almakashin na iya juyowa kanta ya kashe ta. Kun ga mai gadi ya zama dole ke nan.

Werner Arber, Daniel Nathans da Hamilton Smith sun samu kyautar Nobel a 1978 kan wannan bincike. Da irin wannan almakashi masana suka koyi yanka DNA da haɗa shi, har aka sa bakteriya ta riƙa samar da insulin na ɗan adam, wanda aka amince da shi a Amurka a 1982.

Don haka in kana da ɗan'uwa mai ciwon suga da ke allurar insulin, ka sani wannan labarin ya shafe ka. Ku ajiye min tambayoyinku a ƙasa. Sai mun haɗu a shiri na gaba.